Yadda Masana Ke Karanta Zaren Gadon Sauro a Ɗakin Gwaje-Gwaje

1.0 Gabatarwa

A Hausa kalma ɗaya muke da ita, wato sauro. Duk ɗan ƙwaron nan mai dogon baki da ke kuka a kunne da dare yana shan jini, sunansa ke nan. Su kuwa masana ilmin ƙwari sun ƙidaya ire-iren sauro sama da 3,500 a duniya, kuma kimanin 40 ne kacal daga cikinsu suka shahara wajen yaɗa zazzaɓin maleriya, dukkansu daga zuriyar da ake kira Anopheles. Ɓarnar waɗannan 'yan ƙalilan ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen a Nijeriya suka auku.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da masana ke bi a ɗakin gwaje-gwaje don nazarin abin da sauro ke gada daga iyayensa. Ni ɗalibin harshe ne kamar mai karatu, kuma dalilina na zaɓen wannan batu biyu ne. Na farko, wani babban kaso na tarihin wannan ilmi a ƙasar Hausa aka kafa shi. Na biyu, batun ma'auni ne mai kyau na gwada ƙarfin Hausa wajen ɗaukar kimiyya.

2.0 Kalmomin Aiki

Kafin a shiga bayani ya kamata mu daidaita kan kalmomi huɗu, domin a kafafen watsa labarai sau da yawa akan haɗa su duka a kira su "ƙwayar halitta", abin da ke rikita mai sauraro.

Tantani: shi ne ƙaramin ɗakin da aka gina jikin kowane mai rai da shi, kamar yadda ake gina soro da tubali.

DNA: wani dogon sinadari ne da ke cikin tantani, wanda aka jera shi da sinadarai iri huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A, C, G da T. Yadda aka jera su shi ne saƙon gado.

Ƙwayar gado: yanki ne na DNA mai ɗauke da umarnin aiki guda.

Kuromozom: DNA ne da aka naɗe shi da wasu sinadarai ya zama kamar zare, shi ya sa nake kiran sa zaren gado. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Waldeyer ne ya ƙirƙiri kalmar a 1888 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "launi" da "jiki", saboda yadda zaren ke kama rini. Ɗan Adam yana da 46 a tantaninsa. Sauron Anopheles yana da 6 kawai, wato tagwaye uku: na 2, da na 3, da kuma na jinsi, inda mace ke da XX, namiji kuma XY.

3.0 Samo Sauro da Kiwonsa

Ba a fara komai sai an sami sauron. A ƙauye, ma'aikata kan shiga ɗakin kwana da sassafe, su shimfiɗa fararen ƙyallaye a ƙasa, su rufe ƙofa da taga, su fesa maganin sauro, bayan kamar minti goma su tsince waɗanda suka faɗo. In kuwa masu rai ake so, akan zuƙo su daga bango da wani bututu mai raga a tsakiya, don kada sauron ya wuce bakin mai zuƙa. Akan kuma kamfato tsutsarsa daga kududdufi da ludayi.

A ɗakin kiwo ana ajiye zafi a wajen digiri 27, laima a wajen kashi 80 cikin 100, a raba yini awa 12 haske, awa 12 duhu. Manya suna zaune a keji mai raga suna shan ruwan sukari. Mace ce kaɗai ke shan jini, domin da shi take gina ƙwai, don haka akan ba ta jini mai ɗumi ta bayan wata siririyar fata ta roba. Daga ƙwai zuwa babban sauro bai fi kwana goma zuwa mako biyu ba. Wannan saurin hayayyafa shi ya sa ake iya bin diddigin gado daga kakanni zuwa jikoki cikin 'yan watanni.

4.0 Gwajin Barbara: Labarin Ambursa da Legas

Hanya mafi tsufa ita ce a haɗa namijin wani wuri da macen wani wuri a ga abin da za su haifa. A tsakiyar shekarun 1950 an gudanar da aikin feshin maganin sauro a yammacin lardin Sakkwato, kuma a 1955 aka lura sauron yankin ya daina mutuwa da maganin da ake kira dildirin. Aka kai irin wannan sauro daga garin Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, zuwa Landan wurin wani masani mai suna George Davidson. Ya haɗa shi barbara da sauron da aka samo daga Legas, wanda maganin ke kashewa. Sakamakon da ya buga a 1956 ya nuna ƙwayar gado ɗaya ce ke jawo jure wa maganin, kuma 'ya'yan da aka haifa suna tsaka-tsaki tsakanin iyayen biyu.

Sai kuma wani abu ya fito wanda ba shi ake nema ba: mazan da aka haifa daga wannan haɗi ba sa haihuwa. Mun san irin wannan a alfadari, ɗan jaki da goɗiya. Bambancin kawai shi ne, a sauro matan suna haihuwa, mazan ne juya, kuma ana tabbatar da haka ta hanyar feɗe marainan namijin a duba ko akwai maniyyi lafiyayye. A 1962 Davidson da abokin aikinsa Jackson suka bayyana cewa abin da ake kira Anopheles gambiae ya kasu gida biyu, suka kira su A da B. Na B shi ne yanzu ake kira Anopheles arabiensis. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. A yau an san jinsi tara a wannan gungu waɗanda ido ba ya bambance manyansu, alhali halayensu sun sha bamban. Wani jinin mutum ya fi so, wani yana haɗawa da na shanu, wani kuma, kamar Anopheles melas, a ruwan gishiri-gishiri na gaɓar teku irin ta Legas yake hayayyafa.

Matsalar gwajin barbara ita ce jinkiri. Kafin a san sunan mace ɗaya sai an jira ta yi ƙwai, 'ya'yanta su girma, a haɗa su da wani iri da aka sani, a sake jira. Ana buƙatar hanya mai sauri.

5.0 Damin Zare da Yadda Ake Shimfiɗa Shi

A wasu tantanai na ƙudaje da sauro, zaren gado yana kwafar kansa sau ɗaruruwa ba tare da tantanin ya rabu ba. Kwafe-kwafen sai su kwanta kafaɗa da kafaɗa su zama wani murtukeken zare da ake kira folitin, daga Girkanci mai ma'anar "zare da yawa". Ni ina kiran sa damin zare. Da yake kowane sili ya daidaita da ɗan'uwansa, wuraren da suka cunkushe sukan fito baƙi-baƙi, waɗanda suka saki su fito fari-fari, sai damin ya yi zane a gicciye kamar luru. Balbiani ne ya fara ganin irinsa a 1881 a tsutsar wani ɗan ƙuda. Guido Frizzi na Italiya ya zana taswirarsa a sauron Turai a 1947 daga gurbin yawu na tsutsa. A 1968 wani ɗan Italiyan, Mario Coluzzi, ya nuna ana samun damin mai kyau a jakar ƙwan babbar mace, a tantanai bakwai da ke ciyar da kowane ƙwai. Wannan ya ba da damar nazarin sauron da aka kamo kai-tsaye daga ɗakin kwana.

Ga matakan aikin a taƙaice:

(i) A zaɓi mace mai rabin ciki, wato wadda ta sha jini kamar kwana guda da ya wuce, cikinta rabi baƙin jini, rabi farin ƙwai. In an yi gaggawa damin bai yi kauri ba, in an yi jinkiri tantanan sun fara lalacewa.

(ii) A jefa ta, ko jakar ƙwanta, cikin ruwan Karnoy, wato kashi uku na tsantsar barasar itanol da kashi ɗaya na asid ɗin asitik, wanda shi ke ba binega tsaminsa. Wannan ruwa yana sandarar da tantani a yadda yake, kuma a firiza samfurin yakan daɗe bai lalace ba.

(iii) A ƙarƙashin maikuroskof, da matsefata da siraran allurai, a ciro jakar ƙwan a ɗora kan fallen gilashi cikin ɗigon asid ɗin furofiyonik da aka surka rabi da rabi da ruwa. Cikin 'yan mintoci sai ta kumbura ta yi laushi.

(iv) A warware ƙwayayen da allura, a ɗiga rinin osin, a rufe da siririn murfin gilashi.

(v) A riƙa ƙwanƙwasa murfin a hankali da gindin fensir har tantanan su fashe, zaren ya miƙe, sannan a danne da babban yatsa ta saman takardar tsane ruwa. A nan gwaninta take. In an danna da ƙarfi zaren ya tsinke, in an sassauta ya zauna a cukurkuɗe.

(vi) A duba a maikuroskof mai ƙara girma har sau 1,000, a gwada da taswira.

Abin da za a gani hannuwa biyar ne: X, 2R, 2L, 3R da 3L. Haruffan R da L na nufin hannun dama da na hagu. An raba hannuwan gida 46, kowane gida da lambarsa, kamar yadda ake sa wa shafukan littafi lamba. Zanen hannun X ya isa ya bambance gambiae da arabiensis a rana ɗaya.

Ba kowane sauro ke da wannan sauƙi ba. Damin zaren Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da zazzaɓin denge, ba ya shimfiɗuwa da kyau, don haka masu nazarinsa sukan koma ga ƙananan zare na tantanan tsutsa da ke cikin rabuwa.

6.0 Juyin Yanki da Darasin Garki

Ɗalibin tsarin sauti ya san musayar gurbi, kamar bagaruwa da gabaruwa, ko hawainiya da wahainiya. Sassan kalmar suna nan, jerinsu ne ya sauya. Irin haka na faruwa a zaren gado: yanki ya tsinke ta wuri biyu, ya juya kai ya koma ƙafa, ya sake mannewa. Jerin ABCDEFG sai ya koma ABEDCFG. Wannan shi ne juyin yanki. In sauro ya gaji jeri na asali daga uwa da juyayye daga uba, zaren biyu ba za su iya kwanciya tare ba sai ɗaya ya lanƙwashe, sai a ga wani zobe a jikin damin. Da wannan zobe ake gane shi.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? A al'ada, lokacin da ake ƙera ƙwai da maniyyi, zaren uwa da na uba sukan yi musayar yankuna. A wurin da aka sami zobe wannan musaya tana raguwa ƙwarai, sai ƙwayoyin gadon da ke ciki su riƙa wucewa ga 'ya'ya a dunƙule. In dunƙulen ya dace da wani yanayi, sai ya yawaita a can.

An ga haka ƙarara a Nijeriya. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da Aikin Garki, a yankin da yanzu ke Jihar Jigawa. An fesa maganin furofokso a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyuka aka haɗa da raba maganin zazzaɓi ga kowa. Cutar ta ragu sosai, amma yaɗuwarta ba ta katse ba. Coluzzi da abokan aikinsa sun duba damin zaren sauro daga Garki da sauran sassan ƙasar, suka buga sakamako a 1979. Sun gano cewa juyin da ake kira 2La yana da ƙaranci a kurmin kudu, yana ta ƙaruwa in aka nausa arewa, har ya kusan game kowane sauro a busassun yankuna. Sun kuma gano cewa sauron da aka kama a cikin ɗaki da wanda aka kama a waje sun bambanta wajen yawan wasu juye-juye. Ma'ana, akwai wani kaso na sauro da gadonsa ya karkata shi ga hutawa a waje, kuma feshin bango ba ya cim masa yadda ya kamata. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna masu 2La sun fi jure zafi da bushewa.

A Mali ma, Yeya Toure da Coluzzi sun yi amfani da juye-juyen hannun 2R suka ware rukunan da suka kira Bamako, Mopti da Sabana.

7.0 Kunna wa Ƙwayar Gado Fitila

Zanen luru yana nuna unguwa, amma ba ya nuna gidan da wata ƙwayar gado take. Don gano wannan akwai dabarar da ake taƙaita sunanta da FISH. Bayan an shimfiɗa damin, akan tsoma gilashin cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, a ɓamɓare murfin da reza, a tsane samfurin da barasa. Sai a ɗauko guntun DNA na ƙwayar da ake nema, a liƙa masa rini mai ƙyalli, a ɗumama samfurin don silin DNA biyu su rabu, a zuba, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Da yake A da T kaɗai yake haɗuwa, C kuma da G, guntun ba ya zama da kyau sai a wurin da jerinsa ya dace. Washegari a wanke ragowar, a duba da maikuroskof mai haske na musamman, sai a ga ɗigo yana walƙiya a gida kaza na hannu kaza.

8.0 Na'urar Kwafi

Karatun damin zare yana da iyaka. Sai mace, sai mai rabin ciki, sai kuma gwanin da ya shafe shekaru yana koyo. Dabarar PCR, wadda Kary Mullis na Amurka ya ƙirƙiro a 1983, ta cire waɗannan sharuɗɗa. Ƙafa ɗaya ta sauro, namiji ko mace, ko da busasshe ne, ta isa. Akan niƙa ta a fitar da DNA, a zuba a ɗan bututu tare da gajerun guntaye da ke nuna farko da ƙarshen yankin da ake so, da wani sinadari mai yin kwafi. Na'ura sai ta riƙa ɗaga zafi zuwa wajen digiri 94 don silin su rabu, ta sauke zuwa 50 ko 60 don guntayen su kama, ta mayar 72 don a yi kwafi. Kowane zagaye yana ninka adadi, don haka zagaye 30 kan iya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya.

Daga nan a zuba abin da aka samu a ramukan wani daskararren kunu da ake yi daga ciyawar teku, a kunna lantarki. Gajeren guntu ya fi dogo sauri, sai su jeru bisa tsawonsu. A gwajin da Scott, Brogdon da Collins suka fitar a 1993, gambiae yana ba da guntu mai harafi 390, arabiensis kuma 315. Da irin wannan hanya aka gano a 2001 cewa gambiae ɗin kansa ya kasu gida biyu, M da S, waɗanda zanen hannun X bai raba su ba. A 2013 aka raɗa wa M suna Anopheles coluzzii don tunawa da Coluzzi, wanda ya rasu a 2012.

Da PCR ake kuma neman sauyin da ake kira kdr, wanda aka bayyana a sauron Afirka ta Yamma a 1998. Sauyin harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon da ke aiki a jijiyar sauro, amma yana rage kaifin maganin da ake shafa wa gidan sauro. Haka nan gwajin DNA ne ya tabbatar da ɓullar Anopheles stephensi, sauron Asiya mai son tankunan ruwa na birni, wanda aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same shi a Jihar Gombe a 2020. Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke Yaba a Legas tana cikin masu irin wannan aiki.

9.0 Karanta Littafin Duka da Yi Masa Gyara

A 2002 aka buga jerin DNA na Anopheles gambiae, mai harafi kimanin miliyan 278. Tsohuwar taswirar damin zare da dabarar FISH su suka taimaka aka san inda kowane guntu ya dace. A 2017 wani haɗin gwiwar masana ya karanta jerin sauro 765 daga ƙasashen Afirka takwas, ya sami wurare sama da miliyan 50 da harafi ke bambanta tsakanin wani sauro da wani.

Bayan karatu sai gyara. Da wata allurar gilashi da ta fi gashi siranta ake ɗura sinadarai cikin ƙwan da aka yi yanzu-yanzu. Almakashin da ake kira CRISPR yana yanka DNA a wurin da aka nuna masa. A gado na al'ada rabin 'ya'ya ne ke samun wata ƙwaya daga uba ko uwa mai kwafi ɗaya, amma an ƙera wata dabara da ke sa ƙwayar ta kwafi kanta zuwa ɗaya zaren, har kusan duk 'ya'ya su gaje ta. Zan kira ta turin gado. A 2018 masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka nufi ƙwayar da ke tsara siffar mace da wannan dabara, sai sauron da ke keji ya daina yin ƙwai gaba ɗaya cikin zuriya 7 zuwa 11. Wannan a keji ne. A fili, ƙungiyar Target Malaria ta saki mazan sauro da aka mayar juya, marasa turin gado, a ƙauyen Bana na Burkina Faso a 2019, kuma a watan Agusta na 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da ayyukan ƙungiyar.

10.0 Kammalawa

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan ɗalibin Hausa da duk wannan? Amsata ita ce, kowane mataki na aikin yana bi ta ƙofar jama'a. Ɗakin kwanan mutum ake shiga a kamo sauro, bangonsa ake fesawa, kuma in har wata rana za a saki sauron da aka gyara wa gado a wata ƙasa, yardarsa za a nema. Wanda aka yi wa bayani da kalma ɗaya mai nufin tantani da DNA da ƙwayar gado a lokaci guda, da wuya a ce ya san abin da ya amince da shi ko ya ƙi. Masu aikin a Burkina Faso da Mali da Uganda sun gane haka, har suka zauna da masana harshe da mutanen ƙauyuka suka tsara jerin kalmomi a harsunan wuraren.

Kalmomin da na kawo a nan, wato zaren gado, damin zare, juyin yanki da turin gado, shawara ce kawai. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu neman batun kundin digiri, su ɗauke su su kai Sashen Nazarin Dabbobi don a tantance ko sun dace da ma'anar kimiyya, sannan su gwada su a kan Hausawan Sabo da na kasuwa su ji abin da suka fahimta. Wadda ta tsallake gwajin biyu a riƙe ta, wadda ta faɗi a nemo madadinta.